Adda, na yi digiri amma kaskon awarar Dada nake ta kallo

Ga saƙon da wata ƙanwarmu ta turo min, na ɗan taƙaita shi:

"Assalamu alaikum Adda. Ni budurwa ce 'yar shekara 26, a nan Gombe nake wajen Pantami. Na karanta fannin abinci da gina jiki, na gama bautar ƙasa da daɗewa, na cike fom ɗin neman aiki har na gaji ba wanda ya kira ni. Dadata, wato mahaifiyata, tana awara da kunun gyada a gida tun muna yara, da shi ta yi mana ɗawainiyar makaranta. Ina da dubu 150 da na tara tun lokacin da alawi yake dubu 33, ina so in fara haɗa garin kunun yara ina sayarwa, amma Bappa, wanda shi ke riƙe da mu tun rasuwar Baba, ya ce sam bai yarda ba, wai an kashe kuɗi na yi digiri in ƙare a bakin murhu, in jira aikin gwamnati. Ƙawayena kuma sun ce in buɗe shafi a Instagram in riƙa yin salak da jus na 'yan gayu. Ni dai ina so in yi aikin da zan ji ina da amfani, na gaji da jiran a ba ni kuɗin kati. Ya zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya jiƙan Baba, Ya saka wa Dada da Bappa da alheri. Wallahi saƙonki ya tsaya min a rai, na karanta shi ya fi sau uku, kuma wajen da na fi tsayawa shi ne inda kika ce da awara da kunun gyada Dada ta yi muku makaranta. Kin faɗe shi a gurguje kamar ba komai ba, alhali ni a wajena duk amsar tambayarki tana cikin wannan layin. Matar da ta yi shekara ashirin tana soya awara a lungu ɗaya kuma har yau ana zuwa ana saye, ai tana da abin da dubu 150 ɗinki ba za ta saya miki ba, tana da kwastoma, tana da yardar matan unguwa, ta san wa ke biyan bashi wa ke cinyewa, ta san mai injin da ba ya ƙwange, ta san ranar da ciniki ke faɗuwa. Ke kuma kina da abin da ita ba ta da shi, kin san abin da abincin yake yi a jikin yaro. To ku haɗa mana. Kar ki tsallake kaskon Dada ki tafi neman sana'a a waya.

Maganar salak da jus ɗin nan ba na kushe ta ba, akwai masu yi suna samu, amma ki duba da kyau, sana'a ce mai son firij da wuta tsayayya ko janareto, ga robobi ga kuɗin mai kai saƙo, kayan kuma in ba su ƙare yau ba gobe sun zama na zubarwa, kuma masu sayen 'yan kaɗan ne, su ɗin ma kowa su yake bi. Da zafin Gombe na watan Maris da Afrilu kam kwana biyu ba wuta ya isa ya cinye miki rabin jari. Sannan ke da bakinki kika ce kina so ki ji kina da amfani. Yaran da suka fi buƙatar iliminki iyayensu ba sa Instagram, suna nan a bayan gidanku.

Bari in ba ki labarin abin da na gani da idona, shi ya sa nake ɗaukar maganar nan da zafi. Akwai wata maƙwabciyarmu da take matsar man gyada tana ƙuli-ƙuli, kullum gidan ƙamshin gyada yake, buhu na shiga buhu na fita. Wata rana na shiga na tarar tana ba ɗanta mai wata tara koko a kofi, kokon nan tsararo kamar ruwan wanki, ka tsoma cokali ka ɗago ba abin da ya manne. Yaron ga shi nan gashin kansa ya yi ja ya yi laushi, wuyansa siriri, ba kuka ba wasa, ido kawai yake bin mutum da shi. Na ce mata me ya sa ba kya sa masa gyada a ciki, ta ce ai an ce gyada tana yi wa yaro nauyi a ciki, kuma in kunu ya yi kauri zai shaƙe shi. Kin gani? Abincin yana cikin gidan, a gabanta yake, da shi take sana'a, amma bai isa bakin yaron ba. Ba rashin so ba ne, wallahi matar nan tana son ɗanta kamar ranta, ba wanda ya taɓa zama ya yi mata bayani ne da harshen da za ta gane. Mun kai shi asibiti, aka auna damtsensa da ɗan tef ɗin nan mai launi uku, ya faɗa a ja, aka sa shi a shirin masu tamowa, Allah Ya taimaka ya tashi. Irin wannan gidan yana da yawa a Gombe, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kaya suka yi tashin gwauron zabi, abu na farko da uwa take yi in hatsi ya yi kaɗan shi ne ta ƙara wa kunu ruwa.

To kin ga garin da kike son yi abu ne da ake buƙata da gaske. Awon garin da ƙungiyoyin agaji suka koya wa mata a nan arewa maso gabas, wanda ake ce wa Tom Brown, ai kin san shi: mudu 6 na hatsi, gero ko dawa ko masara ko a gauraya su, mudu 3 na waken suya, mudu 1 na gyaɗa. Awon ba wuya, kowa zai iya haddace shi, inda za ki bambanta da saura shi ne a aikin hannu, kuma a nan nake so in daɗe.

Waken suya ba a yi masa gaggawa. Ki tsince, ki jiƙa, ki murje ɓawon ya fita, ki shanya ya bushe ƙarau, sannan ki soya shi a wuta marar ƙarfi har ya yi launin ƙasa-ƙasa, ƙarnin ɗanyen wake ya tafi gaba ɗaya. In bai soyu ba yana da abin da ke hana jiki cin moriyar furotin ɗin, ga kumburin ciki da zawo, uwa ta ba yaro sau ɗaya ta ga cikinsa ya ɓaci shi ke nan ta daina, kuma sai ta gaya wa mata goma. Gyaɗa kuwa ita ce abin tsoro. Duk ƙwayar da ta motse, ko ta yi baƙi, ko ta yi fumfuna, ko kika tauna kika ji ɗaci, ki fitar da ita ki zubar, kar ki ce asara ce. Gubar afulatoksin da fumfuna ke bari a gyaɗa da masara suya ba ta kashe ta, tana lalata hanta kuma tana hana yaro girma, ke kin karanta wannan a aji, yanzu lokacin aiki da shi ne. Ni kaina na taɓa sayen rabin buhu da kaka saboda arha, ashe ba ta gama bushewa ba, na jingine ta a ɗaki a kan siminti, sati uku na buɗe na ga ta yi kore daga ƙasa, haka na zubar ina jin ciwon kuɗina. Tun daga ranar sai na ɓara na tauna na girgiza na ji tana ƙara kafin in biya, kuma ba na ajiye buhu sai a kan katako nesa da bango.

Sai niƙa. Ki yi yarjejeniya da mai inji ɗaya, ki riƙa zuwa da sassafe ki zama ta farko, ya wanke injin ya bushe, ko ki fara zuba ɗan hatsi kaɗan ya share hanya ki ware shi daban. In ba haka ba wata ta niƙa barkono ko ta markaɗa tattasai kafin ke, garin jarirai ya fito da yaji ko da danshi. Ki tankaɗe, ki baza shi ya huce sosai kafin ki ƙulla, domin in kika ƙulla da ɗumi gumi zai yi a cikin leda. Kuma kar ki yi da yawa, man gyaɗan da ke ciki yana sa shi canza wari in ya daɗe, ki yi na sati biyu ya ƙare ki sake.

Ki ƙulla shi ƙanana. Wannan ki riƙe shi da kyau don a nan 'yan boko da yawa suke faɗuwa, sai su zuba a roba mai kyau mai kilo guda su sa mata kuɗin da sai matar babban ma'aikaci. Matar lungu da kuɗin cefanen yau take sayayya, abin da ya rage a hannunta bayan ta sayi magi da manja shi za ta ba ki. Ki yi ƙullin da zai isa a dama sau biyu ko uku, a kan kuɗin da ta saba ba mai koko. Manyan robobi ki yi su daga baya don ma'aikata da masu oda ta WhatsApp, ribar can ita za ta riƙa tallafar ƙananan.

Kuma kowace mace ta zo saye ki ba ta minti biyu, wannan shi ne digirin naki. Ki nuna mata da cokali yadda kaurin zai kasance, in ta karkata cokalin kunun ya tsaya ba ya zuba kamar ruwa ba. Ki ce ta ɗiga ɗan manja ko man gyaɗa a ciki, manja yana da bitamin A. Ki ce in da hali ta ƙara garin zogale ko ɗan dakakken busasshen kifi, ranar da aka samu ƙwai a ba yaro kar a ce zai yi sata, wannan camfi ne. Ki gaya mata garin nan daga wata 6 ne zuwa sama, kafin nan nono zalla ko ruwa ba a ba jariri, kuma ko an fara kunu nono yana nan har shekara biyu. Daga wata 6 zuwa 8 sau biyu zuwa uku a rana, daga wata 9 sau uku zuwa huɗu. Zuma kuma kar a sa wa yaron da bai shekara ba, na san muna ganin girman zuma, amma tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjin jariri bai iya yaƙa ba tukuna. Masu ciki ki gaya musu su daina kora abinci da shayi nan take don yana hana jiki ɗaukar sinadarin da ke ƙara jini, gara su bi shi da lemon zaƙi ko gwaiba. Ƙananan maganganu ne amma wallahi suna sauya gida.

Abu ɗaya da zan ja kunnenki a kai da babbar murya: garinki abinci ne, ba magani ba ne. Kar son ciniki ya sa ki rubuta "maganin tamowa" a jikin leda ko a status. Ki nemi tef ɗin auna damtse ki ajiye a jakarki. Yaro daga wata 6 zuwa shekara 5 in ya faɗa ƙasa da santimita 11.5, wato ja, ko kika danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku kika ga wurin ya lotsa bai dawo ba, ko ya ƙi cin komai, to wannan ba kwastomanki ba ne, na asibiti ne, ki raka uwar da ƙafarki in ta kama. A can ne ake ba da madarar gyaɗan nan ta leda ta masu tamowa, wadda ba ta sayarwa ba ce duk da muna ganinta a kasuwa, kuma duk mai sayar da ita haƙƙin yaro marar lafiya yake ci. Naki aikin shi ne kar yaro ya kai ga ja, da kuma in an sallame shi kar ya koma.

Ita kuma awarar Dada kar ki raina ta, awara ai naman talaka ce, yaran makaranta da yawa ita ce furotin ɗin da suke samu a yini. Ki shiga ki taya ta, amma da ladabi, kar ki shigo mata da "a makaranta an ce". Ki fara da abin da za ta ga amfaninsa da idonta: a daina maimaita mai har ya yi baƙi ya yi kumfa, a sami abin rufewa mai gilashi ko farar roba saboda ƙuda da ƙura, a riƙa haɗawa da ruwan tsami ko tsamiya, a sa yankakken kabeji da albasa da tumatir a gefe ga mai so. Dusar awarar ma kuɗi ce, masu kiwo suna nema. In ciniki ya ƙaru ita da kanta za ta fara tambayarki me kuma za a gyara.

Kuɗi kuma. Dubu 150 ɗin nan kar ki zuba ta duka, ki fara da kashi ɗaya cikin uku, saura ki ɓoye inda hannunki ba zai kai da wuri ba. Ki je kasuwar Tudun Hatsi da kanki tare da Dada ko wani Hammanki, wato yayanki namiji, da ya san awo, ki ji farashi a bakin mutum uku kafin ki saya. In kaka ta yi, gyaɗa ta shigo, waken suya ya biyo baya wajen Nuwamba da Disamba, lokacin ne za ki fito da sauran kuɗin ki sayi na ajiya, in dai kin tabbatar da bushewarsa. Ki sayi littafi mai layi, duk haɗin da kika yi ki rubuta hatsi nawa, wake nawa, niƙa, itace ko gawayi, leda, kuɗin Keke, har da ladan wahalarki ke kanki, sannan ki raba da yawan ƙullin da ya fita, nan ne za ki san ko riba kike ci ko jarinki kike ci. Mata da yawa suna ganin kuɗi na shiga kullum suna murna ashe uwar kuɗin ce take narkewa. Kuɗin sana'a daban, na anko da kati daban. Bashi kuwa ki yanke tun ranar farko, musamman na dangi, in kina son taimakon wata marar hali ki ware ƙulli biyar a kowane haɗi ki ce wannan sadaka ce don Baba, ki bayar ki manta, ya fi ki kira shi bashi kina bi kuna ɓatawa. Manhajojin ba da rance na waya ko kusa da su kar ki je, adashen unguwa ya fi miki. Rajistar sunan sana'a a hukumar CAC da lambar hukumar kula da abinci da magunguna NAFDAC za su zo, kuma dole ne kafin ki fara kai kaya kantuna da tambari a jiki, amma ba su ne matakin farko ba, ki fara tabbatar da mata suna dawowa saye karo na biyu da na uku.

In aiki ya fi ƙarfinki, kuma zai fi, don tsintar mudu talatin na wake ba wasa ba ne, ki ɗauki matan unguwa biyu ko uku, zawarawa ko masu marayu, ki koya musu tsinta da suya ki riƙa biyansu a kan mudu, a hannu, ranar da suka yi. Amma dan Allah kar ki ɗora wa ƙananan yara mata talla a lokacin makaranta, ke da awara ta kai ki jami'a bai dace taki sana'ar ta fitar da 'yar wani daga aji ba. Ki ajiye kaya a wajen masu shago, ki nemi izinin shugabar asibitin unguwa ki riƙa zuwa kusa ranar awo da rigakafi, ki yi magana da malaman Islamiyyar matan aure su ba ki minti goma bayan darasi ki dama a gabansu kowa ta ɗanɗana. Gidan suna ma kasuwa ce.

Saura Bappa. Kar ki yi masa kallon mai hana ruwa gudu. Mutumin da ya riƙe marayun ɗan'uwansa yana son ya ga ƙarshen wahalarsa ta yi kyau, kuma a zamaninsu takarda tana nufin ofis da albashi da fansho, abin da ya sani ke nan, yana tsoron a ce ya bar 'yar marigayi tana fama da hayaƙi. Kar ki tunkare shi da gardama, kuma kar ki yi a ɓoye. Ki sami Goggonki ko wani babba da yake jin maganarsa, ku je tare bayan la'asar lokacin da hankalinsa yake kwance, ki durƙusa ki gaishe shi, ki ce Bappa ban daina neman aiki ba, duk fom ɗin da ya fito zan cike, amma zama haka yana cin raina, ina neman izininka da albarkarka in gwada wata uku a cikin gida kusa da Dada, in kawo maka littafi ka gani da idonka. Ki gaya masa abin da kika karanta ɗin ne za ki yi aiki da shi, ba barin sa za ki yi ba. Ki dama masa kunun ki kai masa da safe ya sha, manya ma suna shan sa. Dattawanmu ba kasafai suke ƙin abin da aka nemi albarkarsu a kai ba, abin da suke ƙi shi ne a nuna musu an fi su sani. Kuma ki cika alkawarin, ki ci gaba da neman aikin da gaske, domin in wata ƙungiya ko ma'aikatar lafiya ta zo ɗaukar masu aikin abinci mai gina jiki, wadda ta zo da littafin gidaje hamsin da take bibiya da awon damtsen yaransu wata-wata ba za a haɗa ta da wadda ta zo da takarda kawai ba.

Masu cewa digiri ya ƙare a murhu za su faɗa, har a cikin ƙawayenki, kuma zai yi miki zafi, ba zan ce miki ba zai yi ba. Akwai ranar da za ki dawo daga inji kanki duk gari, ki haɗu da 'yar ajinku ta sauko daga mota da katin aiki a wuya, ki shiga ɗaki ki yi kuka. Ki yi kukanki ki wanke fuska, guntun gatarinki ya fi sari ki ba ni, washegari akwai uwar da za ta ƙwanƙwasa ƙofa da naira ɗari biyu a hannu tana cewa yaron ya fara karɓa.

Wannan satin abin da nake so ki yi kaɗan ne. Ki zauna da Dada ki gaya mata komai ki ji ta bakinta, ki je wajen Goggo a sa ranar ganin Bappa, in ya amince ki haɗa mudu 10 kacal, ki zaɓi gida goma masu yara 'yan wata 6 zuwa shekara biyu, ki auna damtsensu ki rubuta da kwanan wata. Bayan wata ɗaya ki sake aunawa ki turo min abin da kika gani, da lissafin da littafin ya nuna, mu duba tare ko farashin ƙullin yana buƙatar gyara. Ki gaishe min da Dada sosai, ki ce Adda ta ce a ajiye mata awara mai zafi da yaji, ina nan tafe.